Ranar da Aka Sace Muryar Matiyu

Muna tsakar gida muna cin tuwo da rana tsaka, wata Asabar, motar kamfen ta shigo layinmu. Tun daga bakin titi ake jin ta, da manyan lasifikoki huɗu ɗaure a kanta da igiya, kiɗan yana girgiza langa-langar ƙofarmu. Babu wanda ya ɗaga kai a cikinmu. A makonnin nan motocin 'yan siyasa sun cika unguwarmu Herwagana, har kunne ya daina bambance su.

Sai muryar ta fito. Muryar ƙanena Matiyu ce, mai ɗan kaushin nan da na sani tun ranar da ta fara fashewa yana ɗan shekara goma sha uku.

"Tashi ka zaɓa, tashi ka zaɓa..."

Kafin ya kai ƙarshen baitin, wata murya mai kauri wadda ba tasa ba ta faɗo a kai: "Bamanga!"

Lomar da Matiyu ya ɗebo ta tsaya tsakanin kwano da bakinsa, miya tana gangarowa a hannunsa har gwiwar hannu. Motar ta wuce ƙofarmu a hankali, yara suna binta da gudu suna amsawa, "Bamanga! Bamanga!"

Babanmu, Baba Noah, ya kalle shi ta saman gilashinsa. "Kai ne wannan?"

"Muryata ce, Baba. Amma ban ba su ba."

"Honorabul Bamanga ne fa, mai neman kujerar majalisar jiha."

"Na ce ban ba su ba!"

Ya miƙe bai wanke hannu ba, ya zura takalmansa ya fita. Baba ya bi bayansa da kallo, kuma a fuskarsa na ga wani abu da ban taɓa gani ba in ana maganar Matiyu. Murmushi yake ƙoƙarin ɓoyewa.

* * *

Sunana Edna. A lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare a unguwarmu, ni nake riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarmu. Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma dattijo a cocinmu. Yana yaro aka ba shi tuta ya kaɗa ranar samun 'yancin kai, yana saurayi ya ga shekarun da arzikin man fetur ya sa kowane ma'aikaci ya sayi babur da rediyo. Daga nan ya ɗauki ra'ayinsa bai sake shi ba: mutum shi ne mai albashi, mai guga a wando, wanda manya suka san sunansa.

Matiyu ba shi da ko ɗaya cikin ukun. Shekararsa ashirin da huɗu, ya gama difloma shekara uku ke nan, takardar tana cikin akwati. Abin da yake da shi waƙar hip-hop ce. Wandonsa mai faɗi kullum kamar zai zame, hularsa tana kallon baya, gashinsa a murɗe. Yakan zauna a bayan gida da littafin rubutu yana jera kalmomi yana buga ƙafa, ya goge, ya sake jerawa, har sai Hausar ta hau kiɗan daidai. Fasto ya cire shi daga mawaƙan coci. Matan layinmu suna janye 'ya'yansu in ya zo wucewa. Maƙwabcinmu Ernest, tela, yakan tofar da yawu ta tagar shagonsa ya ce, "Ɗan dattijon coci guda, ya zama ɗan iska." Musulmin unguwar ma haka suke cewa, a wannan kam bakinsu ɗaya da namu.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Akwai ranar da nake tafe da shugabar makarantarmu na hango shi yana tahowa yana yi mini murmushi, na tsallaka titi kamar ban gan shi ba. Ya gane abin da na yi. Daga ranar ya daina gaishe ni a waje.

Abin da ya sauya ni waƙar nan ce. Wata uku kafin zaɓe ya kira ni ya sa mini abin saurare a kunne. "Yaya, ji wannan, ki faɗa mini gaskiya."

Na saurara don kada ya ji haushi. Sai na ji yana cewa:

"Sabulu zai ƙare, gishiri zai narke,
kai kuma shekara huɗu kana ɗaure a turke.
Wanda ya ba ka adda ya ce je ka sara,
nasa ɗan yana waje yana karatu, ka lura."

Sannan amshin: "Tashi ka zaɓa, tashi ka zaɓa, wanda zuciyarka ta yarda da shi ka zaɓa."

Babu sunan kowa a ciki, babu jam'iyya. Abin da dukanmu muke faɗa a ɗaki da murya ƙasa-ƙasa shi ne ya ɗora a kan kiɗa, musamman zancen 'yan kalare, samarin nan da 'yan siyasa suke ba ƙwaya da makamai su sake su a gari. Na cire abin daga kunnena na ce, "Matiyu, ba ka jin tsoro?"

Ya yi dariya. "Wa ke sauraron ɗan iska, Yaya?"

An saurare shi. Masu shagunan kaset suka riƙa kwafa, 'yan acaɓa suna rerawa, har ɗalibaina na ji suna yi a filin wasa. Shi ya sa wani Dalhatu, mai kula da kamfen ɗin Honorabul Bamanga, ya aiko masa sau biyu yana son waƙar. Sau biyun Matiyu ya ce ba ta sayarwa ba ce.

* * *

Ranar da motar ta wuce, na bi Matiyu zuwa unguwar Shamaki, inda abokinsa Hamman yake da ɗakin ɗaukar waƙa. Ɗaki ne ƙarami da aka manna wa kwalayen ƙwai a bango don tare sauti. Hamman magidanci ne mai 'ya'ya biyu, shi ya haɗa kiɗan. Na same su, Matiyu ya shaƙe masa wuyan riga, shi kuwa ko hannu bai ɗaga ba.

"Su shida suka zo," in ji Hamman, idanunsa a ƙasa. "Dalhatu ya zauna a kujerar nan. Ɗaya daga cikin yaransa ya ɗora adda a kan na'urar, ya tambaye ni wace Islamiyya 'yata Jamila take zuwa. Ya faɗi sunan malaminta ma. Wallahi, Matiyu, da ni kaɗai ne da sai dai su sare ni. Anti Edna, ki gaya masa."

Matiyu ya sake shi. "Baitukan fa?"

"Sun sa na goge su a gabansu. Amshin kawai suke so."

Daga can ya wuce ofishin kamfen ɗin da ke GRA, ni ina biye da shi ina roƙonsa. Dalhatu ya karɓe mu da fara'a, mutum ne fari tas, mai taushin murya, da carbi a hannu. Ya sa aka kawo mana lemo. Ya bar Matiyu ya gama faɗansa tsaf, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, mu fa taimakonka muka yi. Jiya waye kai? Yau duk Gombe an san muryarka. In ƙara kake so ka kai, ga hanya nan. Ka dai tuna, in ka tsaya gaban alƙali da wannan wandon, shi ma kallon da babanka yake maka zai yi maka." Ya juyo gare ni. "Malama, na ga sunanki cikin waɗanda za su yi aikin zaɓe a makarantarku. Allah ya taimaka."

Na ajiye lemon. Ban gaya wa kowa an ɗauke ni aikin ba, ko Baba.

Matiyu ya je wani gidan rediyo don ya yi bayani, aka ce masa sai bayan zaɓe. Ya sake rera baitukan a wani wuri, masu shagunan kaset suka ƙi karɓa, don yaran Dalhatu sun riga sun zagaya sun gaishe su.

* * *

Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne yadda unguwa ta juya. Mutanen da suka shekara biyar ba su amsa gaisuwarsa ba suka fara kiransa tun daga nesa. Ernest ya fito daga shago har da riƙe masa hannu biyu.

"Matiyu namu! Ashe kai babba ne muna zaune da kai. Ka yi wa Honorabul maganata mana, ɗinkin ankon mata. Ni da babanka fa tun kafin a haife ka."

"Kawu Ernest, sace waƙar suka yi. Ban san su ba."

Ernest ya ƙyafta ido yana dariya. "To, to, na gane. Ba a faɗa."

Ranar Lahadi bayan sujada dattawa suka kewaye Baba suna yi masa barka. Ya dawo gida yana tafiya kamar an rage masa shekara goma, ya zauna a kujerarsa ya kira Matiyu.

"Yau aka fara gaishe ni saboda kai. Ka je ka aske wannan gashin, ka sa kaya na mutunci, ka je ka yi wa mutumin nan godiya. Idan ya ci, ko masinja ya sa aka ɗauke ka a sakatariya, ka zama mutum."

"Baba, ka taɓa jin abin da na faɗa a waƙar? Ta ainihin?"

"Ina ruwana da abin da ka faɗa? Wa ya taɓa cin abinci da abin da ya faɗa?"

"Ɓarawo ne, Baba. Shi ke ba Kalare makamai."

"Rufe mini baki! Ubangiji ya buɗe maka ƙofa kana zagin ƙofar."

Matiyu ya juya ya shige ɗaki. Bai sake zama cin abinci tare da mu ba.

Fara'ar unguwar ba ta yi mako biyu ba. Ɗinkin anko ya tafi wajen wani tela. Matar Ernest, Hilda, ta zo neman atamfar da aka ce an ba Matiyu ya raba wa matan layi, ta koma hannu wofi tana cewa ya ci shi kaɗai. Samarin da suka haddace baitukansa na farko kuwa suka ce ya ci amanarsu, wani ya rubuta "maci amana" da gawayi a bangonmu. Rabin unguwa suna jin haushinsa don ya sayar da kansa, rabi don bai raba musu abin da ya samu ba. Babu ko mutum ɗaya da ya yarda cewa bai samu komai ba. Mai irin wannan shigar, in ji su, ai ƙarya ce abincinsa.

Na ce masa ya tafi Kaltungo wajen gwaggonmu har a gama. Ya girgiza kai.

"Ni na ce wa mutane su tashi su zaɓa. In na gudu, ashe masu zagina sun yi gaskiya ke nan. Zan tsaya a layi kowa ya gan ni, Yaya."

* * *

Ranar zaɓe aka hana motoci da babura zirga-zirga, garin ya yi tsit kamar an share shi. Muka kafa teburinmu a ƙarƙashin bishiyar dogon-yaro a harabar makarantarmu. Ni ce shugabar rumfar, da mataimaka biyu da ɗan sanda guda wanda ko sanda ba shi da ita. Mutane sun fito fiye da yadda na zata, layin maza da na mata har bakin ƙofa. Baba yana cikin na farko, ya jefa tasa ya koma gida. Matiyu yana can tsakiyar layi da katinsa a hannu, na gabansa da na bayansa sun bar masa fili kamar mai cuta.

Ba sai an ƙirga ba kowa ya san Bamanga ba zai ci rumfarmu ba. Mutane suna faɗa a fili.

Wajen ƙarfe ɗaya na rana muka ji kiɗan daga nesa. "Tashi ka zaɓa, tashi ka zaɓa, Bamanga!" Motar ta shigo harabar ba ta rage gudu ba, babura kusan goma suna biye da ita, kowanne da mutum uku. Suka diro da adduna da gorori, idanunsu jajur. Ɗan sandan ya tsallake katanga. Layin ya watse, mata suna ihu suna zubar da takalma.

Mutum ɗaya ce ba ta gudu ba, don ba ta iya gudu. Dada Mairamu ce, tsohuwar Bafulatana mai sayar da nono a bakin makarantarmu, wadda duk malamai muke saye a wajenta. Ta riga ta dangwala, tana tsaye gaban akwati da takardarta a ninke. Da wani yaro ya kai hannu zai ɗauki akwatin, sai ta dafa shi da hannu ɗaya ta ce, "Tsaya, ɗana, in saka tawa tukun."

Ya sare ta a hannun. Sau ɗaya, ba tare da ya kalli fuskarta ba. Jininta ya fantsamo a kan rajistar da ke gabana. Suka ɗauki akwatin suka hau baburansu, motar ta juya, muryar ƙanena tana ta kiran mutane su tashi su zaɓa har ta ɓace a bayan gidaje.

Mutane suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Suka ga tsohuwar a ƙasa, suka ga babu akwati. Tun asuba suke tsaye a rana. Na ga fushin yana taruwa a fuskokinsu, kuma na ga ba shi da wurin zuwa, don babu mai bin masu adda. Matiyu ne kaɗai ya durƙusa kusa da Dada Mairamu, ya cire rigarsa yana ɗaure mata hannun.

Muryar Hilda na fara ji. "Ga shi nan! Ga mai waƙarsu nan! Shi ya kira su!"

Matiyu ya ɗago kai. "Mama Hilda, ku kawo ruwa, jini take zubarwa."

Dutse na farko ya same shi a kafaɗa. Ya miƙe ya ɗaga hannuwansa biyu, jinin tsohuwar a tafukansa, yana cewa, "Ku saurare ni, ku tsaya ku ji." Wani ya ce a dubi hannunsa. Daga nan ban sake jin muryarsa ba. Suka rufe shi. Na san su duka. Akwai iyayen ɗalibaina, akwai waɗanda muke zama benci ɗaya a coci, akwai mai shagon da nake sayen sukari, akwai samarin da suka haddace baitukansa. Kirista da Musulmi, ban taɓa ganin sun haɗu a kan aiki ɗaya da zuciya ɗaya haka ba. Na kutsa ina ihu ina jan rigunansu, wani ya ture ni na faɗi. Daga ƙasa, ta tsakanin ƙafafu, na ga Ernest ya ɗaga ƙafar bencin ɗalibai da ta karye, ya sauke ta a gefen fuskar Matiyu. Ya sake ɗagawa ya sauke.

Da suka ga ya daina motsi, sai suka ja da baya. Babu wanda ya kalli wani. Cikin minti biyar harabar ta zama babu kowa, sai ni da shi, da 'ya'yan Dada Mairamu biyu da suka iso da gudu suna neman abin da za su ɗauke ta.

* * *

Matiyu yana numfashi, amma da wata ƙara kamar ana jan ruwa da tsinke. Haɓarsa ta karkace, kunnensa yana zubar da jini. Na fita titi ina ɗaga hannu, babu mota, babu babur, sai akuya tana tsallakawa. Asibiti kuwa tafiyar kusan awa guda ce a ƙafa.

Sai ga wata farar mota mai takardar izini a gilashi ta tsaya a gabana. Dalhatu ya fito da carbinsa, ya shiga harabar ya dubi Matiyu, ya girgiza kai.

"Subhanallahi. Mutane ba su da imani." Ya buɗe jakarsa ya zaro takardar sakamako, an riga an cike ta da lambobi da kyakkyawan rubutu. Wuri ɗaya ne ya rage babu komai, inda shugabar rumfa take sa hannu. Ya ɗora ta a kan teburin, ya kauce wa inda jinin yake, ya ajiye biro a kai. "Malama, direbana zai kai shi yanzun nan. Minti bakwai."

"Ku kai shi tukun, don girman Allah."

"Ai ke kike ɓata lokaci."

Na kalli lambobin. An ba Bamanga ƙuri'u fiye da yawan mutanen da ke cikin rajistar. Na tuna mutanen da suka tsaya a rana tun asuba, sai na tuna su ne suka kwantar da ƙanena a ƙasa. Ban san ko don Matiyu na ɗauki biron ba ko don in rama a kansu. Har yau ban sani ba. Na sa hannu.

"Tsohuwar fa?" na ce. "Akwai wuri a baya."

"A'a, Malama. In ta shiga motata, gobe a ce ni na sare ta."

Da muka fita, kan Matiyu a cinyata, mun wuce 'ya'yan Dada Mairamu suna tura ta a amalanken ɗiban ruwa, ɗaya yana riƙe mata hannun sama. Suka matsa gefe suka ba mu hanya. Daga baya na ji ba su kai da ita ba, ta rasu a hanya.

* * *

Matiyu ya rayu. Ya yi wata biyu a asibiti, aka ɗaure masa haɓa da waya, amma likita ya ce dukan ya taɓa wani wuri a cikin kansa. Yana gane mu, yana tafiya da jan ƙafa, sai dai kalmomi sun guje masa. Yakan buɗe baki yana neman sunan ruwa ko sunana, goshinsa ya yi gumi, abin da zai fito wani sauti ne guda, sai ya kawar da kai. Hamman ne kaɗai yake zuwa duk Juma'a bayan masallaci, ya zauna kusa da shi awa guda, ba mai cewa komai.

Wani ɗan sanda ya zo asibitin ɗaukar bayani. Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "'Yan kalare ne." Da mutumin ya fita na ce, "Baba, na gan su da idona. Na ga Ernest."

"Na sani," in ji shi, bai kalle ni ba. "Idan kin faɗi sunan mutum talatin a layi ɗaya, da wa za mu zauna? Wa zai ɗauki gawata?" Sannan ya ƙara, "Ke kuma in suka tambaye ki sa hannun wa ke kan takardar nan fa?"

Ban sake tayar da maganar ba.

Bamanga ya ci, aka rantsar da shi. Ya zo cocinmu yin godiya, ko da yake ba addininsa ba ne, aka ba shi kujerar gaba, ya yi alkawarin sabon rufi. Matan zumunta suka yi masa waƙa, Hilda ce ta ja baki. A unguwa kuwa labarin ya daidaita a bakin kowa ba tare da an yi shawara ba: yaron ya shiga cikin 'yan daba, rabon ganima ya haɗa su faɗa, suka yi masa haka. Iyaye suka samu misalin da za su riƙa ba 'ya'yansu in sun ga wando ya fara sauka. Wata rana na ji wata uwa tana gaya wa ɗanta a ƙofar ajina, "Ka ci gaba, ka ƙare kamar ɗan gidan Baba Noah."

Ranar Kirsimeti, bayan an taso daga coci, aka yi sallama a ƙofarmu. Ernest ne da sabuwar shadda, riƙe da babban kwano a rufe, Hilda ta aiko da shinkafa da kaza kamar yadda take yi kowace shekara. Baba ya ba shi kujera. Suka gaisa, suka yi zancen tsadar kaya. Matiyu yana zaune a tabarma a jikin bango, an aske masa kai tun a asibiti, sanye da tsohon wandon Baba mai guga.

Ernest ya juya ya dube shi, ya yi ajiyar zuciya. "Sannu, Matiyu. Jiki da sauƙi? Kai, Allah ya kyauta. Baba Noah, ai mun sha faɗa masa, wannan waƙe-waƙen ba inda za su kai shi. Amma ka ga yanzu ya natsu."

"Ya natsu," in ji Baba.

Matiyu yana kallon hannun Ernest, na dama, wanda yake kan gwiwarsa. Bakinsa ya fara motsi. Jijiyar wuyansa ta tashi, yawu ya gangaro ta gefen da ya karkace. Muka jira, mu uku. Babu abin da ya fito. Ernest ya miƙe ya ce bari ya ƙarasa sauran gidajen.

Na zuba shinkafar a ƙaramin kwano, na dama ta da miya har ta yi laushi, don har yanzu ba ya iya tauna. Na zauna a gabansa ina ba shi da cokali. Ya ci, don yana jin yunwa. Da ya gama na goge masa baki, na wanke kwanon Hilda na goge shi tas. A layinmu ba a mayar da kwano wofi, don haka na zuba cincin a ciki na rufe, na yafa gyalena, na tsallaka na kai mata, na ce mun gode.